Ranar da Shekari Ya Kori Garinsu

Shekari ɗan acaɓa ne, kuma acaɓar ta ci shi ta suɗe. Shekarunsa a Ibadan ba su bar masa komai ba sai ciwon baya da babur mai tarin tsufa. Buri ɗaya ya rage masa: ya koma ƙauyensu a yankin Kazage, ya ɗauke mahaifiyarsa, Sabina, ya kai ta Kaduna, don 'yan bindiga sun hana mutanen wurin sakat.

Su biyar suka kamo hanya, duk 'yan gida, kowa a kan babur ɗinsa. Kafin su wuce Tegina cinyoyinsa sun mutu, ido ya yi jajur. Da suka iso bakin dajin Birnin Gwari, Munzali, babbansu, ya ce, "Kada wanda ya ware. Mu haɗe, mu ba shi wuta, kar mu tsaya ko fitsari."

Shawara ce mai kyau, ta mutanen da suka daɗe ba sa gida. Sun manta cewa yanzu a ƙauyen nan, babu mai jin rugugin babura da yawa ya tsaya tambayar ko su waye. Haka ɓarayin daji ke shigowa.

Dajin da suke tsoro bai yi musu komai ba. Suna hango rufin cocin ƙauyen ne bindigar 'yan sa-kai ta tashi, tum! Munzali ya kife, harsashi ya yage masa dantse. Shekari ya yar da babur, ya ɗaga hannu sama yana ihu, "Ni ne! Shekari ɗan Sabina! Don Allah ku tsaya!"

'Yan sa-kai suka tsaya, amma gari ya riga ya watse. Tuwo na ƙonewa a murhu, ga takalma zube a hanya.

A wani kwazazzabo bayan gonar dawa ya sami mahaifiyarsa. Tsohuwar da ko rijiya ba ta iya zuwa, yau ta yi gudu har ta faɗa rami, ƙugu ya karye. Ta daɗe tana kallonsa.

"Au, kai ne?" ta ce. "Ɗan nan, ai da ka kashe injin."

Ya goyo ta zuwa gida. Mai ɗori ya duba, ya ce wannan ƙugun ba zai sake zama kan babur ba, mota kuwa ta daina shigowa tun bara.

Munzali ya warke, sauran suka wuce Kaduna. Shekari yana nan, yana noma 'yar gonarta, yana juya ta a kan tabarma safe da yamma. In aka ji babura daga nesa kowa ya ruga daji, shi sai ya jawo ƙofa, ya zauna kusa da ita.