Wayar da Labbo ya yanke

Na daɗe ina aski a layin shagunanmu na Gusau, kuma ban taɓa aske kan da ya cika da zargi kamar na Labbo ba. In na kafa masa aska, ta madubi yake bin hannuna da ido, sai ka ce na taɓa yanke wa wani kunne. Mutumin Bungudu ne. Ya fara da kabu-kabu, ya bari saboda a ganinsa duk fasinjan da ya hau bayansa da wata manufa ya hau. Ya koma gyaran rediyo, rediyo ta daina kawo abinci, daga nan ya buɗe shagon gem inda samari ke buga ƙwallo a talabijin.

Mutum ɗaya ne a duniya Labbo ke cin abin hannunsa ba tare da ya shinshina ba, shi ne Jibo, mai shagon da ke manne da nasa. Jibo ɗan gidan makiyaya ne daga Ruwan Bore, yana sayar da fura da nono masu sanyi. A layinmu, in mutum yana da janareta yakan miƙa wa maƙwabci waya ta saman katanga, kuma ba a cire wayar nan sai in mutuwa ta raba ko an tashi. Firizar Jibo a kan wayar Labbo take. Shi kuma Jibo kullum bayan azahar zai dama fura a kwano ɗaya, su zauna a benci su sha, yana tsokanarsa da Sarkin Zargi. Wani ya faɗi haka, da an yi dambe.

Bara ne Labbo ya sayo kwamfuta ta hannu, ya haɗa ta da ƙatuwar talabijin, don samarin Tsafe da na Bungudu sun mai da shagonsa wurin karawarsu ta ranar Asabar, tunda Gusau ce a tsakiya. A nan matsala ta ɓullo. Da an buga doguwar ƙwallo, hoto ya ruga gefe, sai allo ya tsage a tsakiya: kan ɗan wasa da ƙirjinsa su yi gaba, ƙafafu su tsaya a baya. Ƙiftawar ido ne ya koma daidai, amma duk mai ido ya gani. 'Yan Tsafe suka fara gunaguni cewa ba ya tsagewa sai in su ke kai hari, kuma ai kowa ya san garin su Labbo.

Mutumin da ya saba zargin kowa, yau shi ake zargi. Abin ya ci masa rai. Ya mayar da talabijin wurin wanda ya sayar masa, aka jona masa tashar labarai, hoto tas. Ya canja wayar da ke haɗa ta da kwamfuta. Ya hana shiga shagon sai an kashe wayar hannu. Har ni sai da ya leƙo ya tambayi ƙarfin injin askina, na ce masa ya fita mini daga shago tun ina ganin girmansa.

Wata Asabar da rana, ana cikin wasa, firizar Jibo ta tashi da ɗan gurnaninta, kwan fitila ya yi ƙasa kaɗan, allo kuma ya tsage. Labbo ya miƙe tsaye. Ina kallonsa ya ɗauko filaya ya nufi katanga.

Jibo ya fito yana goge hannu. "Labbo, lahiya? Mi zaka yi?"

"Firizarka ta ka ɓata min allo. Kuma ka sani, ka yi shiru."

"Ni Jibo? In sani in ƙyale ka?"

"Awo, kai ɗin."

Ya datse wayar a gaban samarin garuruwa biyu. Zafin bazara ake, babu wutar gwamnati, kuma ranar aka kawo wa Jibo nono daga gida. Kafin la'asar nonon ya yi tsami, Jibo ya kwashe ya ba almajiran gini da ke aiki a bayanmu abin da zai shawu, sauran ya zubar. Ni kam raina ya ɓaci, na kuma faɗa wa Labbo haka a fuskarsa.

Washegari allo ya tsage kamar kullum, firiza kuwa a mace.

Wani zai yi nadama a nan. Labbo sai ya ce to lallai akwai wanda ya taɓa masa cikin wasan. Ya rufe shago da safe, ya zauna yana bin saitin wasan layi-layi, yana neman sawun ɓarawo. A haka ya tarar da wani wuri an rubuta V-Sync, a kashe. Ya kira ni yana huci, wai ga shaida, wa ya kashe? Ya kunna. Muka buga doguwar ƙwallo, muka sake, muka yi ta bugawa. Hoto lafiya lau. Ya duba a wayarsa, ashe haka abin yake zuwa a kashe. Kwamfutar ce ke turo hotuna ba ta jiran talabijin ta gama nuna na farko, sai rabin sabo ya hau kan rabin tsoho. Saitin nan yana sa ta jira ne kawai. Babu ruwan firiza, babu ruwan kowa.

Ban taɓa ganin Labbo ya yi laushi irin na ranar ba. Ya sayo sabuwar waya mai kauri, ya ce in raka shi. Tafiyar taku kaɗan ce, amma sai da na tura shi.

"Jibo, na zalunce ka. Ga waya, bari in maida."

"Ba komai, Malam Labbo. Wallahi ya wuce. Amma bar wayag ga, Ɗanlami mai walda ya ba ni tashi wayar."

Yanzu allo ba ya tsagewa, 'yan Tsafe sun koma zargin alƙalin wasan da ke cikin kwamfuta. Jibo bai daina kawo fura ba, sai dai a kwano biyu, ya aje na Labbo a bakin ƙofa ya koma shagonsa. Sabuwar wayar tana rataye a ƙusa, a nannaɗe.

Jiya Labbo ya zo aski. A karo na farko bai bi hannuna da ido ba, katangar Jibo yake kallo ta madubi.

"Da yac ce ya wuce," in ji shi, "kana ganin har zuci yaf faɗi?"

Na ce ya rantse, kuma Jibo ba ya rantsuwa a banza. Ya gyaɗa kai. Na san bai yarda ba, kuma wannan karon yana so ya yarda.