Idon Surukina a Bakin Ramin Waya

Surukina ido ɗaya gare shi. Na hagun, ƙahon bijimi ne ya tsiyaye shi tun yana saurayi. Da na daman yake ƙare wa shanunsa kallo, da shi yake karatun Alƙur'ani bayan asuba, ba ko tabarau. Kullum na tuna abin da ya sami wannan idon a hannuna sai in ji kamar in nutse.

Aikina gyaran wayar intanet ne, irin wadda ake binnewa a gefen titi, mu muna ce mata faiba. In ka fere ta, abin da ke ciki zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ne yake bi ta cikinsa ya kai magana. Hasken nan ba a ganinsa, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, sai ya tsaya a buɗe yana ƙonewa mai shi bai sani ba. Shi ya sa kowannenmu yake yawo da 'yar mitar auna haske a jaka. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka fara gwada mitar a kan hasken da ka tabbatar yana aiki, sannan ka sa mata bakin zaren ka ga ko da haske a ciki. Ko ta ce babu, ba a kai shi kusa da ido. Ni ne ma sarkin faɗa a kan wannan. Na sha yi wa abokan aiki tatas don sun bar zare a buɗe ba murfi, har suna tsokanata wai liman.

Wata damina aka kira ni ina gida a Karaye, aka ce waya ta katse wajen Gwangwan. Can ne garin su matata. Da na isa sai na tarar ruwa ya zaizaye gefen hanya, wayar ta fito fili, garmar shanu ta bi ta kanta ta raba ta biyu. Wurin kuwa, kamar da gayya, bakin gonar surukina ne.

Na buga ofis suka ce sun kashe layin. Na shiga ramin, na fere bakin wayar, ina shirin ɗauko mita sai na ji sallama a kaina. Baba ne, da sandarsa a kafaɗa, da wasu dattawa biyu maƙwabtan gona. Na yi wuf na fito, na tuɓe takalmi na durƙusa a cikin taɓo.

"Barka da rana, Baba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Injiniya. Ashe kai aka turo. Yaya mutanen gidan?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku."

Ni ba injiniya ba ne, amma haka yake kirana, kuma a gaban mutane har wani ƙara jan sunan yake yi. Shekarata tara da auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa ce masa a'a ba. Su mutanen kiwo ne, kunya a wurinsu ita ce mutum, ni kuma na sa wa raina ba za a ce ɗan cikin gari ya gaza ba.

Ya tsuguna a bakin ramin ya ce, "Yanzu duk surutun duniyar nan ta wannan ɗan zaren yake wucewa?"

"Ta nan ne, Baba. Haske ne yake ɗaukarsa."

"Haske? To miƙo min in gani."

Na san amsar da zan bayar. Da wani ne, ko hakimi ne, da na ce ya yi haƙuri. Amma dattawan nan biyu sun zuba min ido suna murmushi, shi kuma ya riga ya miƙo hannu. Zuciyata ta ce ai ofis sun ce a kashe yake. Mitar tana cikin jaka, taku biyu daga inda nake, gwajin ba zai ci minti ɗaya ba, sai dai dole in bar hannun surukina a miƙe in juya masa baya. Sai na sa hannu biyu, kaina a sunkuye, na miƙa masa.

Ya kai bakin zaren dab da idon nan nasa, ya leƙa kamar mai zura zare a allura. Ya daɗe. Ina durƙushe ina kallon ƙasa.

"Ni dai ban ga komai ba," in ji shi, yana dariya. "Ku 'yan boko da ƙarya." Suka yi min Allah Ya taimaka, suka wuce.

Suna ba da baya na zaro mitar, na sa mata zaren. Lambobi suka hau. Na canza batir na sake gwadawa, ba abin da ya sauya. Na buga ofis ina zazzaga masifa, mai amsawa ya ce hasken da ke zuwa daga ɓangaren Rogo kawai suka kashe, na Karaye ba wanda ya ce su taɓa. Na zage shi tas, ina zagin ina sane da cewa ba shi ya miƙa wa tsoho zare ba.

Abin da ya kamata shi ne in bi Baba a lokacin in faɗa masa, mu nufi asibiti. Ban yi ba. Na haɗa wayata, na rufe ramin, na hau babur na dawo gida, na ce wa matata kaina ke ciwo. Kwana biyar ina lallashin kaina cewa hasken ba shi da ƙarfi, ba abin da zai faru. A rana ta shida matata ta dawo daga Gwangwan take ba ni labari tana dariya, wai Baba ya ce wani ƙuda ya zauna masa a kan takarda, duk harafin da ya kalla nan yake sauka, ya kora ya ƙi tashi.

Washegari na ɗauki shatar mota, ni da ita muka kai shi asibitin ido a Kano. Na ce mata kawai gara a duba da wuri. Likitar ta ɗiga masa magani, ta haska idon ta daɗe tana dubawa. Ta ce akwai ɗan tabo a can ciki, daidai inda ake karatu da shi, kuma irin wannan ba kasafai yake gogewa ba. Sannan ta tambaya ko ya kalli walda, ko rana, ko wani haske mai ƙarfi kwanan nan.

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni.

"Likita, karambanina ne. Na tarar da yaron nan yana gyaran waya, na ɗauki zaren na leƙa. Ya ce kada in yi, har sau biyu, na ƙi ji."

Bai kalle ni ba, ko da yake dama ba ma kallon juna. Likitar ta yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro, ya sunkuyar da kai yana cewa ya tuba. Ina tsaye a bayan kujerarsa, na bar maganar ta tafi a haka.

A hanyar dawowa yana gaba kusa da direba, ya rufe idon da gefen rawaninsa saboda rana. Mun wuce Gwarzo matata ta matso kusa da ni, idonta ya yi ja, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, shi ne ka ɓoye min don kada in ga laifinsa? Ai na san halin Baba da kafiya. Kai dai ka yi iya naka. Allah Ya saka maka da alheri."

Na san Baba yana ji.

Na ce, "Amin."