Takardar bogi da goron Jabal Awliya

Ban taɓa mantawa da ranar da Yaya Hawwa ta shigo ofishinmu da jaririya a baya ba. 'Yan aji ɗaya, ku da kuke ta damuna a waya wai "tadrib ɗin nan me ake yi a ciki", to ku gyara zama.

Ina aji huɗu a fannin shari'a lokacin, kafin yaƙi ya watsa mu. Tadrib shi ne watannin da ɗalibi yake yi a ofishin lauya yana koyon aiki. Ni an tura ni wajen Ustaza Ihsan a Omdurman, kuma aikina uku ne: ɗaukar fayil, kawo shayi, rufe baki. Kullum daga Alsahafa nake hawa mota, in isa na gama narkewa.

Yaya Hawwa bazawara ce, mai shayi a Kasuwar Libiya. Larabcinta na ciniki ne, in magana ta yi zurfi sai Hausa. Ustaza ta waigo ta ce, "Nafisa, yau bakinki ya samu aiki."

Wani mai sayar da wayoyi, Usman, shi ya nemi aurenta. Ya kawo mutum da rawani da jaka ya ce ma'azun ne, wato malamin da hukuma ta ba izinin rubuta aure. Aka cike takarda, ta dangwala yatsa, ta tare. Da ta haihu ta je karɓo wa 'yar takardar haihuwa, aka duba aka ce takardar auren nan bogi ce. Mai rawanin abokinsa ne, dillalin caja. Usman kuwa ya ce shi bai san wani aure ba, da yardarta suka zauna, 'ya kuma ta nemo ubanta.

Na ce, "Ustaza, ai yardar da aka samu da yaudara ba yarda ba ce. Mu maka shi a kotu kawai."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ya koya miki haka, ya bitti, 'yata? Ba kowace ƙarya ce take rushe yarda ba. In mutum ya ce yana da shago uku alhali rumfa gare shi, wannan maƙaryaci ne, amma kotu ba ta ɗaure shi. Wanda ya sa mace ta ɗauka mijinta ne na halal alhali ya san ba haka ba, shi ya taɓa tushen yardar. Sai dai tabbatarwa fa? In muka kasa, ga mace ga jaririya ba aure. Kan wa zargi zai juya?"

Yaya Hawwa ba ta gane duka ba, amma ta gane fuskata. Ta ce, "Ƙanwata, ni ba ɗauri nake so ba. Sunan uba nake so a takardar yarinyar nan."

Ustaza ta sa na tambaye ta sau uku: akwai wata takarda? Babu. Wani tambari? Babu. Muka fito zan raka ta titi, sai kawai bakina ya suɓuce, irin hirarmu ta gida.

"Yaya, wai auren naki ko goro ba a raba ba?"

Ta tsaya cak, har da jin haushi. "Wane irin ba a raba ba? Ƙwarya guda. Baffana na Jabal Awliya ya ce ba inda zan tare sai an shafa fatiha a ƙofar gidansa. Usman ya je da kansa, ya ce ya karɓa, aka ambaci sadaki, masunta sun cika tabarma."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ai wannan namu ne na gida. Nan ofis ne, takarda kuke tambaya."

Jama'a, da gudu na koma na hau benen ofishin, takalmi ɗaya a hannu. Waliyyi, shaidu, sadaki, bayarwa da karɓa: aure ne cikakke, rajista ce kawai babu. Ustaza ta cire tabarau ta ce, "Tamam, ya yi. Nemo min baffan."

Nan ne babban yatsana ya yi ranarsa a kan waya. Kafin la'asar na samu lambar baffa, na samu limamin da ya ɗaura, har da bidiyo a wayar wata 'yar uwarta: ga Usman cikin farar jallabiya, kumatu cike da goro, yana ta amin.

Ranar zaman sulhu ya zo da lauyansa yana taƙama. Baffa ya zo da shaidu huɗu, duk suna ƙamshin kogi. Ustaza ta kunna bidiyon ta ce, "Ƙofa biyu ce, ya Usman. Ko wannan aure ne, kai miji ne kuma uba. Ko ka ce ba aure ba ne, ka bayyana wa alƙali dalilin kawo ma'azun na bogi don mace ta yarda da kai."

Ya ce, "Ai wancan al'ada ce kawai."

Baffa ya ce, "Al'adar ce ka ci goronta har kana neman ƙari?"

Lauyansa ya ja shi waje. Minti biyar suka dawo, ya zaɓi ƙofar farko. Kotu ta tabbatar da auren, takardar haihuwa ta fito da sunan uba.

Ranar da Yaya Hawwa ta karɓa, ta zo mana da shayi mai na'ana'a, ta sumbaci takardar, sannan ta ce, "Ƙanwata, tambayar min Ustaza. Tunda yanzu ya tabbata mijina ne, a wane ofis ake rabuwa?"

Ustaza ta yi dariya har da hawaye, ta ce in buɗe sabon fayil.

Abin da na koya ke nan: mutanenmu suna ajiye rabin gaskiyarsu a bakin ƙofar ofis, don suna ganin ba ta da tambari. Ku iya dokar, ba laifi. Amma in kun gama tambayar takarda, ku tambayi goro.