Goran Bammin Kura da Kilif ɗin Baba

A gidanmu na Kafanchan, in Baba ya rufe galan ɗin kananzir, to sai dai a jira shi ya dawo ya buɗe. Ban yi ƙari ba. Mamanmu ta sha tsayawa da fitila a hannu tana ƙunƙuni, mu yara muna ta fama da murfi da tsumma da haƙori. In ya ɗaure akuya, da safe sai an sa wuƙa. Kuma in wani ya ɗaure abu, Baba zai bi baya ya ƙara masa murɗi, ko da mai ɗaurin ya fi shi iyawa. Ba mugunta ba ce. Shi dai hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji abu ya daina motsi gaba ɗaya.

Makaniki ne, kuma dattijo a coci. Yana da akori-kura guda ɗaya da yake haya da ita zuwa kasuwannin ƙauye, garejinsa kuwa gindin mangwaron ƙofar gida ne. Babban ɗansa, Yaya Ishaya, shi ke aiki tare da shi tun da ya gama firamare. A lokacin da nake ba ku labarinsa Yaya ya zama saurayi, har ya fi Baba tsawo. Ni Rifkatu ce, ta huɗu a gidan, wadda ake kora daga gindin mangwaro saboda yawan tambaya.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta dawo wurinmu ne daga wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma bayan rasuwar mijinta. Gari bai taɓa burge ta ba. Ƙarar jirgin ƙasa ma cewa take yi baƙin ƙarfe ne ke kuka don an raba shi da ƙasarsu. Wurinta guda ne, bakin murhu a ɗakin girki. Da an gama cin tuwon acca, kafin wuta ta mutu, sai ta tura gwaza cikin toka, mu kuma mu kewaye ta. A kasuwa ta koyi Hausa, kuma da ita take ba mu tatsuniya, don ta ce kunnuwanmu na 'yan gari sun toshe, ba sa jin yare. Amma in waƙa ta zo cikin labari, sai ta koma harshenmu, ta lumshe ido, ta manta da mu. Ba ta fara labari sai ta tambaya, “Wa ya zo da kunne?” Mu ce, “Mu ne!” Sai ta ce, “To ku ajiye baki a waje.”

Akwai wata tatsuniya da ban taɓa mantawa ba, amma sai na faɗa muku abin da ya faru a satin kafin ku gane ta.

A bakin hos ɗin da ke kai ruwa lagireto akwai zoben ƙarfe da ke riƙe robar kada ruwa ya tsere. Makanikai suna ce masa kilif. Iri biyu ne a akwatin Baba. Ɗaya mai sukuru ne, ana murɗa shi da sukudireba har ya matse. Ɗayan mai sifirin ne, ana buɗe shi da filaya, a zura, a saki, ya kama da kansa. Wannan na biyun shi Baba ya raina. Raggon kilif yake ce masa. “Abin da ba ka murɗa da hannunka ba, ba ka ɗaure shi ba,” in ji shi. Ko siririn kilif ɗin da ke riƙe robar giris ta sitiyari bai yarda da shi ba, sai ya cire ya sa waya ya murɗe, shi ya sa robobinsa ba sa daɗewa suke yagewa, yashi ya shiga.

Ranar wata Juma'a matan zumunta na cocinmu suka ɗauki hayar motar Baba za su taro a Madakiya. Da safe Yaya ya ga hos ɗin ƙasa yana ɗiga. Ya wanke bakin, ya sa mai sifirin. Ina tsaye ina riƙe masa kwanon ruwa sai ga Baba.

“Cire wannan raggon.”

“Baba, mai sukuru ba shi da laifi in hos sabo ne. Wannan ya tsufa, ya yi laushi. In inji ya yi zafi roba za ta kumbura, mai sifirin zai ba ta wuri, in ta huce ya bi ta. Mai sukuru kuwa yanka ta zai yi.”

“Ni za ka koya wa mota? Kana cikin zane nake kwana a ƙarƙashinta.”

Yaya ya canza, ya murɗa daidai yadda ya ga ya isa, ya tafi wanke hannu. Yana juya baya Baba ya sunkuya da sukudireba, ya ƙara, ya ƙara, har na ga robar ta fito ta gefen ƙarfen kamar ƙullin fura a hannu.

A kan hawa, kafin su kai Madakiya, hos ya yanke daidai bakin kilif. Tururi ya turnuƙe, mata suka diro da ihu, wata ta bar gangar zumunta ta gangara cikin gonar citta. Kuma a nan, a gaban matan coci, har da uwar yarinyar da Yaya yake so, Baba ya ɗauke shi da mari, ya ce sakacinsa ne, bai ɗaure da kyau ba. Mamanmu tana cikin motar, ita ta ba mu labari tana kuka. Ta ce Yaya ya sunkuya gaban motar. Ya yanke inda ya lalace, ya jawo sauran, ya ciro mai sifirin daga aljihunsa ya sa, ya ɗebo ruwa a rafi, ya kai su taro. Da suka dawo gida ya jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ce ran Litinin zai shiga jirgi, shi da Kafanchan sai wata rana.

Ran Lahadi da yamma gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Kowa ya san kalma ɗaya daga bakin Baba za ta kwance akwatin nan, kowa kuma ya san Baba. Bayan tuwo Kaka ta tura gwazarta a toka, ta leƙa waje ta kira Yaya da sunan tsokanar da take kiransa. “Maigidana, za ka tafi ka bar ni ba ko sallama? Zo ka zauna.” Rabonsa da zaman tatsuniya an daɗe, amma ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa. Baba yana waje a kan benci, jikin bangon ɗakin girki, wai yana goge filogi.

Kaka ta ce wata shekara Kura da Zomo da Biri suka tashi kai gaisuwa gidan surukai a bayan dutse. Kuran nan namiji ne, ya tafi da ɗansa. Kowa ya je bakin rafi ya sayi goran bammi, sabon tata, mai zaƙi. Biri ya ce shi ba ya son wahala, ya bar bakin goransa a buɗe, ya saɓa yana tsalle. Kafin su haye rafi rabi ya zube, sauran ƙudaje suka gama da shi. Zomo ya tsinko ɗanyen ganye ya cusa a bakin nasa, ya naɗe da ciyawa sako-sako. Yana tafiya kumfa tana ɗan tsattsafowa, tana jiƙa masa kafaɗa.

Daga waje sai muka ji muryar Baba. “Haba Mama, tatsuniyar bammi a gidan dattijon coci?”

“Bitrus, ashe ka zo da kunne? Ban ce ka sha ba. Goge ƙarfenka.”

Muka toshe baki da hannu. Ta ci gaba. Ta ce Kura ya dubi Zomo ya yi dariya, ya ce wannan ai asara ce. Shi ya sassaƙa itace ya buga a bakin gora, ya liƙe da ƙaro, ya ɗaure da ɗanyar fata, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗora wa ɗansa ya ce ko ɗigo ɗaya kada ya zuba. Suka kama hanya, rana ta take. A nan Kaka ta sauke murya, ta kumbura kumatu. “Bammi yana da rai, yara. In rana ta taɓa shi, numfashi yake nema. Ya je ƙofa, a rufe. Ya ƙwanƙwasa, a rufe. Ya ce, to, tun da babu ƙofa, bari in yi tawa.” Ta tafa hannu da ƙarfi har ƙanwata ta zabura. Gora ya fashe a ƙofar gidan surukai, a kan yaron, mutane suna kallo. Kura ya kama ɗansa da duka, wai shi ya girgiza kayan. Zomo kuwa ya ajiye nasa, ya ragu kaɗan, amma ya iso.

Ƙanena ya tambaya, “Kaka, ɗan Kuran fa?”

Ta daɗe tana tona toka da tsinke. “Ya shiga daji. Har yau in kun ji Kura yana kuka a bayan gari, ba yunwa ba ce kullum.” Ta ciro gwaza, ta ɓare, ta miƙa wa Yaya ta farko. “Na sauke kayana. Mai so ya ɗauka.”

Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mu ma duk mun sani. Na kasa kunne wajen benci, ina roƙon Allah a raina Baba ya yi gyaran murya ya kira sunan Yaya. Abin da na ji kawai ƙarar filogi ne da aka jefa cikin gwangwani, sai takunsa zuwa ɗaki.

Da safe Yaya ya tafi. Mamanmu da ni muka raka shi tasha, Baba kuwa ya shige ƙarƙashin mota tun da asuba, bai fito ba sai da kukan jirgin ya ɓace. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Kaka ma. Na ce mata, “Tatsuniyarki ba ta yi aikin komai ba.” Ta dube ni ta ce, “Ke ma 'yar ubanki ce. Yau kika shuka, yau za ki ci?”

Shekaru suka wuce. Muna jin labarin Yaya a bakin ma'aikatan jirgi, wai yana wani babban gareji a Ikko. Kirsimeti ya zo ya wuce, ya sake zuwa, babu shi. Baba bai taɓa ambaton sunansa ba, bai kuma ɗauki wani yaro a madadinsa ba. Ni a lokacin na ɗauka taurin kai ne zalla. Sai da na girma, na haifi nawa, na ga yadda hannuna ke ƙaiƙayi in ɗana ya ɗaure abu, sannan na gane tsoro ne. Baba ya binne 'ya'ya biyu kafin Yaya. Mutumin da abu ya taɓa kuɓuce masa, ba ya yarda da riƙon da bai ji zafinsa a tafin hannu ba. Kaka ta san haka, ita ta haife shi. Shi ya sa ba ta sa Kura ya zama mugu a labarin ba, so yake ya kai wa surukai gora cike.

Ina makarantar horon malamai Kaka ta rasu. Ta bar wasiyya a kai ta ƙauye a binne ta kusa da mijinta. Aka aika wa Yaya, ba mu san ko zai zo ba. Ranar da za a tafi da gawa sai ga shi da sassafe, da gemu, da jaka a kafaɗa. Ya gaida Baba, Baba ya amsa, kamar baƙi biyu a tasha. Mamanmu ta rungume shi, amma idonta yana kan mijinta.

Aka sa akwatin gawa a bayan tsohuwar akori-kura, mata suka fara waƙa, Baba ya tayar da inji. Sai wani ya nuna ƙasa, ruwa yana ɗiga. Baba ya buɗe gaban mota, ya aika aka sayo sabon hos a bakin kasuwa, ya zura shi da kansa. Babu mai sifirin da ya yi daidai da bakinsa, sai mai sukuru. Ya sa, ya ɗora sukudireba, ya murɗa sau ɗaya, sai ya tsaya.  Mata suka kai ƙarshen baiti suka sake ɗaukowa daga farko, shi yana nan a sunkuye.

Sai ya ɗago, ya juya sukudireban, ya miƙa wa Yaya ta wajen mariƙi.

“Ishaya, zo ka ɗaure. Ni hannuna bai san inda ya isa ba.”

Yaya ya ajiye jakarsa a ƙasa ya karɓa. Ya murɗa a hankali, ya taɓa robar da yatsa, ya ƙara kaɗan, ya bari. Baba yana tsaye a bayansa, ya haɗa hannuwansa biyu a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, har Yaya ya rufe gaban motar.