Kullen Inna da Kwakwar Baffa Buba

"Kar ka yar da ƙwallon!" Duk wanda ya taɓa cin dabino a gaban Baffa Buba ya san wannan tsawar. Ku da kuka yi zamani da shi, ku faɗi gaskiya, akwai wanda bai taɓa tara wa hannu a ƙarƙashin haɓa ba? Ko Liman bai tsira ba. Ranar da wani alhaji ya dawo daga Makka a ƙasa, ya raba wa manya dabinon Madina ɗaiɗai, Liman ya jefa nasa a baki ya lumshe ido yana tsotsa. Yana buɗe ido sai ga tafin hannun Baffa dab da gemunsa.

"Malam Buba, lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. Ci a hankali, ni ba sauri nake ba. Kar dai ka haɗiye min."

Kakana ne, mahaifin babana, amma kowa Baffa yake ce masa. Ni in na so tsokana sai in ce Tsoho, shi kuma ya ce min Uwar Surutu. Gidansa ne na ƙarshe a ƙauyenmu, can wajen Falgore, kuma daga bayan gidan ƙasa ta gangara zuwa rafi. A wannan gangaren ya tara abin da babu mai irinsa daga Karaye har Rogo. Giginya da goriba ba ya ma ƙirga su, ya ce na kowa da kowa ne. Shi nasa su ne kwakwar manja da ya samo a kudu, da tukurwa, da kajinjiri, da dabinon Azbin, da na bakin Liman. In ya shiga ciki Fillanci yake yi musu, wai ba sa son Hausa da safe.

Amma ta gaban goshin ita ce kwakwa, irin ta bakin teku, wadda ya sa wa suna 'Yar Ikko. A korar shanunsa ta ƙarshe zuwa Ikko, abokan tafiya sun dawo wa matansu da atamfa da madubi. Shi ya dawo wa Inna, kakata, da busasshiyar kwakwa mai tsiro a ka. Inna ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Malam, a ƙugu zan ɗaura wannan ko a ka?" A shekarar aka haife ni, don haka kullum sai ya ce min, "Sa'arki ta fi ki kunya, ban taɓa jin bakinta ba."

Wani masunci a can ya gaya masa kwakwa ba ta jin daɗi sai da gishiri. Shi ke nan, Inna ta shiga uku. Ta ɓoye gishirinta a tukunya, ya gano. Ta sa a rumbu, ya gano. Ta ƙulle a bakin zane ta kwanta a kai, aka wayi gari miya lami. Ran nan ta kama shi a gindin bishiyar yana barbaɗawa.

"Malam! Kai da girmanka?"

"Baƙuwa ce, Innar yara. Ke a garinku kike, ita fa? Wa ta sani a nan?"

Shekara da shekaru 'Yar Ikko tana cin gishiri tana tsawo, ko fure babu. Sai da na zama budurwa sannan ta yi 'ya'ya, 'yan kaɗan, kore shar. Baffa ya zagaya gari gida gida yana sanarwa kamar an yi masa haihuwa. Ya ce babu mai taɓawa sai sun bushe a sama, don iri yake so, ya cika ƙasar Rogo da kwakwa.

To a wannan shekarar ce ciwon barci ya shigo mana. Wannan kam ba abin dariya ba ne. Mutum yana cikin magana sai ka ga kai ya langaɓe, loma a hannu. Ya rame, hankali ya gushe, a ƙarshe ya kwanta bai tashi ba. Mun binne maƙwabta, har da ƙawata da muke zuwa ɗiban ruwa tare. Sai saƙo ya zo daga Karaye cewa Baturen likita ya ce ƙudan tsando ne ke kawo ciwon, kuma a inuwar bakin rafi yake zama. Saboda haka duk wani itace mai duhu da ke bakin ruwa, a sare shi.

Dagacinmu mutum ne mai sanyin hali, kuma Baffa ya girme shi nesa. Da kansa ya tako har gida, aka gaisa, aka tambayi iyali da shanu da ruwa, aka sake gaisawa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Baffa, "tsando na shanu ne. Na kora garke cikinsa har bakin teku, ga ni zaune. Ni saniya ce?"

"Baffa, umarni ne daga sama. In ban sare ba, ni za a sare."

"A bar ni 'ya'yan kwakwata su bushe. Saura kaɗan."

"Jibi masu gatari za su iso nan."

Dagaci yana fita Baffa ya bi gari yana aron zana. Washegari ya kewaye lambun nan kaf, ya haɗe shi da dangar gida, ya kafa 'yar bukka a gindin 'Yar Ikko. Sannan ya je ya durƙusa wa Inna. Mu duka mun ɗauka za ta kore shi da muciya. Sai ta ɗauki tabarmarta da turminta, ta ce, "Rabin bishiyar nan gishirina ne. Ba wanda zai sare min gishiri ina kallo." Ni aka ce in bi ta in taya ta zama.

Ranar ba zan manta da ita ba. Tun hantsi muke jin sara yana matsowa ta bakin rafi, itace yana faɗuwa, maza suna ihu. Ina leƙe ta hujin zana. Can sai ga su: dagaci, da dogari riƙe da bulala, da samarin gari kowa da gatarinsa, da Baturen a kan doki, fuska ja wur don rana, tafintansa a gefe. Baffa yana zaune a bakin ƙofar zana kan buzunsa, yana jan carbi kamar bai gan su ba.

"Baffa, mene ne wannan?" in ji dagaci.

"Gida ne, ranka ya daɗe. Da iyali a ciki. Ba a shiga."

"Wane iyalin?"

"Innar yara. Tana kulle."

"Kulle? Inna? Shekaranjiya na gan ta a kasuwar Rogo da ƙwaryar nono a ka, tana faɗa da mai awo!"

"Shekaranjiya ke nan. Jiya Allah ya shirye ni."

Babu wanda ya yi dariya, wallahi. Dogari ya warware bulala ya matso har inuwarsa ta rufe Baffa. Na ga yatsun tsohon sun tsaya a kan carbi, amma bai motsa ba. Aka ce wa samari su shiga, suka tsaya suna kallon ƙasa. Wa zai keta gidan mai aure, a gaban mutane, kuma matar ta yi jika da shi? Wani mai rawar kai ya ɗora hannu a kan zana, sai Inna ta buga taɓarya a turmi, dum, ta ɗaga murya: "Wanda ya leƙo, da wannan zan yi masa maraba!" Yaron ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

Tafinta ya yi wa Baturen bayani. Shi ma ya san dokar, ko su ba sa shiga gidan matan aure. Ya daɗe yana kallon kan bishiyoyin da suka leƙo ta saman zana, ya hana dogari da hannu, ya faɗi wata magana gajeriya, ya juya dokinsa.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

"Ya ce shi ba zai shiga ba. Amma ƙuda ba ya sallama."

Baffa ya ci nasara, gari ya ɗauka, har a Beli ana ba da labarin kullen Inna. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, an share rafin nan fes, sama da ƙasa, inuwa ɗaya ta rage, tamu. Duk tsandon da aka rusa wa gida wurinmu ya tare. Fita kuma babu, don dogari yana zagayowa, in aka ga Inna a waje ƙarya ta ƙare. Muna zaune muna dukan jikinmu. Cizonsa kamar tsinin allura, ta cikin zane ma yana samun mutum. Inna ta fara mita.

"Malam, yarinyar nan kullum ciwon kai, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya."

"Ciwon shawara ne. A jiƙa mata saiwa. Saura kaɗan su bushe."

Kullum saura kaɗan. Ni kuwa tsoro ya cika ni, amma ban faɗa ba. In na ji hamma ta taso sai in danne, in tuna ƙawata. Har surutun nawa ya ragu, shi kansa ya ce, "Yau Uwar Surutu ta koyi halin sa'arta?" Ya yi dariya, ni ban iya tayawa ba.

Da kaka ta yi, masu duba wuya suka zo. Aka tara gari duka a gindin tsamiya, maza da mata, babu maganar kulle, kowa ya shiga layi. Malamin asibiti yana bi yana shafa wuyan mutane ta baya, ya ce wuce, ya ce wuce. Inna ta wuce. Da ya zo kaina sai ya tsaya. Ya sake latsawa. Ya ɗaga kai ya kira abokin aikinsa. Sai kukan mahaifiyata ya tashi daga layin baya.

Baffa ya ratso mutane. "Malam, sake dubawa. Yarinyar nan ƙalau take, rigima ce kawai."

Malamin bai yi musu ba. Ya kama yatsan Baffa ya ɗora a bayan wuyana, ya ce, "Baba, taɓa da kanka. Kaluluwar ciwon ce." Na ji yatsan nan mai kaushi yana juya abin a ƙarƙashin fata, ɗan dunƙule mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ya janye hannunsa. Ya juya ya nufi dagaci, a gaban kowa, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ara min gatari. Ni ban taɓa ajiye shi a gidana ba."

Ina kwance a ɗakin mahaifiyata na ji an fara. Samari sun bi shi su taya shi, ya kore su. Dagaci ya aika a gaya masa an ce doguwar kwakwar za a iya barinta, tunda ba ta da duhu a ƙasa, in dai an share sauran. Ya ce wa ɗan aiken, "Je ka ce masa da ita na fara. Ita ta sa na toshe kunnena." Tsoho ne, sara ɗaya sai ya huta, amma bai bari ba har la'asar. Da 'Yar Ikko ta faɗi, ƙasa ta amsa har ɗakinmu. Inna da ta shekara nawa tana zagin bishiyar nan, ita ce ta rufe fuska da mayafi.

Washegari aka ɗora ni a jaki zuwa Karaye wurin allura. Baffa yana biye a ƙasa da buhu a kafaɗa, tafin hannunsa duk ya fashe. Allurar nan, Allah kar ya maimaita, sai da na ga duhu. Ina kwance a rumfa ina hawaye, sai ya buɗe buhun ya fito da kwakwa, ɗaya daga cikin waɗanda ya hana ko tsuntsu sauka a kai. Ba ta kai iri ba, saura kaɗan ɗin gaske. Ya fasa kan ya miƙo min.

"Sha. Sa'arki ce ta aiko."

Na kafa kai na shanye. Inna ta matso, ta zuba min ido.

"Ke, da gishiri?"

"Babu, Inna. Zaƙi ne zalla."

Ta juya ta dubi Baffa, ta riƙe haɓa. "Malam, to duk gishirin nan nawa ina ya tafi?"

Muka fashe da dariya, har masu jinya na gefe, har shi. Da na kankare naman na cinye, sai na miƙa masa ƙoƙon, na ce, "Tsoho, ungo, na san halinka." Ya dubi ƙoƙon, ya dube ni, idonsa ya cika.

"Yar da shi," ya ce.

Ban yar ba. Allah ya ba ni lafiya, ga ni yau da jikoki, kuma a cikin ƙoƙon nan nake zuba gishiri. Shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake dasa ko goriba ba. In ana cin dabino a taro, sai ka ga hannunsa ya ɗan taso daga cinya, sannan ya mayar cikin riga.

Allah ya jiƙan Baffa Buba, ya jiƙan Inna. Inuwar da ya sare saboda ni, ya Rabbi ka mayar masa da wadda ta fi ta, inda babu mai zuwa da gatari. Amin.