Kaf ɗin da Likita Ya Faɗa wa Tela

Tun kafin gemu ya fito masa Tela yake taka keken ɗinki a shagonsa na bakin titi. Tsabar taku ta sa sharaɓarsa ta dama ta kumbura kamar tulu, har 'yan uwa suna cewa in ya tashi tsaye sai wandonsa ya nemi agaji. Makaranta kuwa bai taɓa leƙawa ba, sai ranar da ya kai musu yunifom.

Da ciwon suga ya kama shi, ƙafar ta daina jin komai. Wata rana ya taka allura, ya wuni da ita a tafin ƙafa yana ɗinki, sai matarsa ce ta ga jini a silifa. Miki ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara hawa sama.

Taubashinsa ne ya raka shi asibiti, wani sarkin surutu da ya gudu daga aji biyu amma yake ganin shi ya ƙirƙiro Turanci. Likita ya danna nan, ya danna can, Tela yana kallon fankar da ba ta juyawa. Sai likitan ya yi wa nas magana da Turanci, ya nuna ƙafar ya ce, "Kaf," ya fita.

Wannan kalmar kaɗai Tela ya gane. Kaf dai ai duka ke nan. Ya dubi ƙafar tun daga yatsu har cinya, kamar yadin wani da aka kawo masa awo.

"Duka za su cire," in ji shi.

"Kai bawana, jahilci bai yi ba," in ji taubashin. "Kaf a Turanci maraƙi ne, ɗan saniya. Likita cewa ya yi har yanzu kai maraƙi ne, nono za a ba ka."

"To," in ji Tela.

Nas tana naɗe bandeji ta ce, "Baba, maraƙi ne, kuma sharaɓa ce, sunansu ɗaya a Turanci. A nan za a yanke." Ta ja layi da yatsa ƙasa da gwiwa. "Gwiwarka tana nan."

Tela ya jira ya ji daɗi, ko tsoro, bai ji ko ɗaya ba. Ya lura dai aljihun rigar nas ɗin a karkace aka ɗinka shi.

"Ƙafar da nake taku da ita ce," ya ce.

"Na sani, Baba."

Aka yi aiki, aka sallame shi da sanduna. Da ya koma shago, taubashin ya share masa ƙurar keken, yana ta cika baki wai shi ya hana likita cire kaf. Tela ya zauna, ya ɗora ƙafar hagu a kan matakin. Keken ya juya da baya, zare ya tsinke. Ya lashi bakin zaren, ya zura, ya sake takawa. Ɗinkin ya fito a karkace, irin wanda da shi kansa zai kori almajirin tela a kai.

"Ba laifi," in ji taubashin a hankali.

Tela ya ɗauki reza ya fara farkewa.