Baba Modu da tayar da ya ƙi sa mini

Ina cikin aji a Chétimari ranar Talata da hantsi, alli a hannuna, waya ta dinga ruri a aljihu har na gaji na fita baranda na ɗauka. Bukar ne, babban ɗan Baba Modu, wanda kamar kowa a nan Mushe yake ce mini, wato malamin boko. "Mushe, Baba ya cika bayan asuba," ya ce. "Za a kai shi in an yi azahar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ya yi kwanaki yana fama da ciwon ƙirji, kuma kullum ina ce wa kaina ranar Juma'a zan je in duba shi. Na sallami yara, na hau babur na kama hanyar Diffa, kuma tun daga ƙofar makaranta har cikin gari abu ɗaya ne ke cin raina: akwai maganar da na faɗa wa bawan Allahn nan a gaban mutane, ban taɓa roƙonsa gafara a kanta ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Modu bakanike ne, mai gyaran babura a wata rumfar kwano kusa da inda ake cinikin tattasai. Gajere ne, mai farin gemu, Hausarsa da karin Barebari, kuma ba ya gaggawa ko da mutum goma ne ke jiransa. A shekarun da aka hana hawan babur a jiharmu saboda tashin hankali, abokan sana'arsa da dama sun watse, wasu Zinder, wasu sun bar aikin ɗungum. Shi sai ya koma gyaran injin ban ruwa. Yakan ɗauki jakar sifanoninsa ya bi lambunan bakin Komadugu, ya zauna cikin laka har sai ruwa ya fito. Manoma da yawa sun tsira da tattasansu saboda shi, kuma ban taɓa ji ya ambaci hakan da bakinsa ba.

Ni kuwa abin da ya haɗa mu babur ne da na gada daga yayana. Tsohon babur ne na tsere, ƙirar Japan, ja, mai ƙatuwar tanki, irin wanda sai ka kwanta a kansa kake tuƙi. Duk tsawon dokar nan yana ɗaki a lulluɓe da tabarma. Da aka sassauta na fito da shi, tayoyinsa duk sun tsattsage. A lokacin samari sun fara shigo da sababbin babura masu ƙafar baya kamar turmi, ni ma raina ya biya. Har hujja na ƙera wa kaina: ai motocin da ke shiga daji wajen Mainé-Soroa faffaɗar taya ce ke hana su nutsewa a rairayi, don haka babur ma haka ne. Tawa mai lamba ɗari da talatin ce, na je na sayo mai ɗari da sittin, na rataya ta a kafaɗa na kai masa ina taƙama.

Ya jujjuya ta, ya dubi ƙafar babur ɗin, ya ce, "Mushe, jantinka siriri ne. Wannan taya ba tasa ba ce." Janti shi ne ƙarfen da taya ke zama a kansa. Na ce ai za ta shiga. Ya ce, "Shiga za ta shiga. Zama ne ba za ta yi ba." Bai tsaya a baki ba. Ya sa ta, ya ba ta iska, ya barbaɗa toka a kan siminti, ya gara ƙafar a kai. Sawun da ta bari bai kai na tsohuwar tayata faɗi ba, domin matsin jantin ya sa bayanta ya yi tsini. Sannan ya yi abin da aka san shi da shi a duk garin: ya aro buhun tattasai daga maƙwabcinsa, ya ɗaure a baya, ya ce in hau. "A nan Diffa ba mai hawan moto shi kaɗai," in ji shi, don moto muke ce wa babur. "Ko mata, ko buhu, ko rago. Da su ake awo." Da na zauna sai ya zura tsinken ashana tsakanin sarƙa da gefen taya. Tsinken bai wuce ba. Ya miƙe ya cire tayar, ya ce shi ba zai sa ba.

Akwai mutane a kan benci, wasu ma iyayen ɗalibaina ne, sai na ji kamar an kunyata ni. Na ce masa, "Baba, ka tsufa ne kawai. Ka koma wajen injin ban ruwanka, aikin zamani ya fi ƙarfinka." Bai ɗaga murya ba, ya goge hannu da tsumma ya ce, "To, Mushe. Allah ya kiyaye hanya. Amma kar ka ɗauki iyali a kai." Na kai wa wani, cikin rabin awa aka sa mini, har da yabon cewa babur ya yi kyau.

Ya yi kyau kuwa, na sati uku. Sai dai a kwana yakan yi taurin kai, in na karya shi ya ƙi, in ya yarda kuma ya faɗa gaba ɗaya, amma na ce rashin sabo ne. Ranar wata Asabar na ɗauko matata Zara za mu biki a Diffa. Nauyinmu biyu ya sa sarƙa ta dinga cin gefen tayar ban sani ba, har ta fashe muna gab da shiga gari. Allah ya sa ba gudu nake ba. Ni gwiwa na kurje, Zara kuwa ta karye a tsintsiyar hannu, har yau in an yi sanyi sai ta ji shi. Duk lokacin da na ga ta sauya hannu wajen ɗaukar bokiti sai zuciyata ta yi baƙi.

Wata biyu ina kewaye layin rumfarsa don kunya. Shi ne ya aiko Bukar har gida da saƙo, wai yana gaida mai jiki, kuma in kawo moton. Na tura babur ɗin na kai, na shirya jawabina tun daga gida. Na buɗe baki na ce, "Baba, maganar rannan..." Sai ya miƙo mini sifana ya ce, "Riƙe mini wannan." Na sake gwadawa bayan ɗan lokaci, ya ce in tallabe masa ƙafar baya. Daga nan na bar maganar, kuma gaskiya daɗi na ji da ya rufe zancen.

Abin da ya fi burge ni, bai raina sha'awata ba. Cewa ya yi, "Kana son faɗi, za a yi faɗi, amma na hankali." Ya sa wani abokinsa mai sayar da tsofaffin kayan babur a Zinder ya nemo janti da ya ɗara nawa kaɗan, aka aiko a mota. Ya zaɓi taya mai lamba ɗari da arba'in. Ya kai ƙarafa wajen mai injin gurza aka yanka masa zobba daidai gwargwado don ƙafar ta zauna a tsakiya, ya ja zare daga gaba zuwa baya ya tabbatar ƙafafun biyu layi ɗaya suke, sarƙa ma ba ta karkace ba. Ƙafar gaba kuwa ya sa mata sabuwar taya mai lambarta ta asali. "Ta gaba ce ke jin maganarka," ya ce. "In ka ƙara mata ƙiba sai ta daina ji." Kwana huɗu ya yi a kan aikin. A ƙarshe ya sake aro buhun tattasai, wannan karon biyu, kuma yatsansa ya wuce tsakanin sarƙa da taya ba tare da ya taɓa komai ba.

Shekara uku ke nan ina hawansa tsakanin Chétimari da Diffa, bai taɓa ba ni tsoro ba. A cikin shekarun nan na zauna a bencinsa ba adadi, mun sha shayi, ya tsokane ni cewa malamin lakwal ne, wato na makarantar boko, amma sai da toka aka koya masa lissafi. Na ga yadda yake mayar wa mutum tsohon ƙarfen da ya cire ko da ya lalace, don kar a yi zargi. Na ga wani ɗan gudun hijira daga ƙetaren kogi ya zo da birki a sake, yana sauri, Baba Modu ya zare makullin ya sa a aljihu har sai da ya gyara. Mutumin ya yi ta faɗa, shi kuwa yana aikinsa yana cewa, "Yi haƙuri, gara ka zage ni da ranka." Duk wannan zaman, kalmar nan guda ban furta ta ba.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida na durƙusa gaban matarsa, Ya Falmata, Bukar yana gefe. Na ce, "Inna, na taɓa faɗa wa Baba mummunar magana a garaji, ban samu na roƙe shi ba. Ku yafe mini a madadinsa." Ta dube ni ta ce, "Wace magana, ɗana?" Na faɗa mata yadda aka yi. Ta girgiza kai ta ce, "Wallahi yau na fara ji. Abin da na sani, ranar da matarka ta karye bai ci tuwo ba. Cewa ya yi da ya sani da ya ɓoye tayar nan ya ƙi ba ka." Kuka na yi a gabanta kamar yaro.

A gaban mutane na ci masa fuska, don haka a gaban mutane nake janye maganata. Waɗanda ke kan benci ranar nan, in wannan rubutu ya iso gare ku, ku shaida: ƙarya na yi. Baba Modu ya san aikinsa, kuma ya fi ni damuwa da ran iyalina.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Modu, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Ya Falmata haƙuri da lafiya, ka riƙa wa Bukar da ƙannensa, ka sa albarka a abin da ya bari. Ni kuma, ya Ubangiji, ka yafe mini harshena, ka isar masa da roƙon da na yi jinkirin yi. Amin.